Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tarihin Gano Abin Da Ke Tayar Da HIV Da Abin Da Ke Kwantar Da Shi

A babban taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a birnin Bankuba na ƙasar Kanada a 1996, likitoci suka gabatar da abin da aka shekara goma sha biyar ana jira. Idan aka haɗa wa mai ɗauke da HIV magani iri uku, bairos ɗin yakan ja baya a jininsa har na'urar awo ta kasa ganin sa. Shekara na zagayowa, Alan Perelson da David Ho da abokan aikinsu suka fitar da lissafin da ya nuna cewa in mutum ya jure shan maganin shekara biyu zuwa uku, mai yiwuwa a kakkaɓe cutar daga jikinsa kwata-kwata, sai fa in tana da wata maɓoya da ba a sani ba. Ashe kuwa tana da ita. Kafin 1997 ta ƙare, tawaga uku a Amurka, ta Robert Siliciano da ta Douglas Richman da ta Anthony Fauci, kowacce ta zo da labari ɗaya: a cikin fararen ƙwayoyin jinin nan da ake kira CD4, waɗanda ke hutawa ba sa aikin komai, akwai kamar ɗaya cikin miliyan da ke ɗauke da bairos ɗin lafiyarsa lau, yana kwance shiru, magani ba ya taɓa shi, garkuwar jiki ba ta ganin sa. Da aka bi diddigin masu shan magani shekara da shekaru, aka ga sai wannan ajiya ta yi wata 44 kafin rabinta ya zube, wato sai mutum ya haura shekara saba'in yana shan magani kafin ta ƙare. In kuwa ya ajiye maganin, galibi cikin 'yan makonni bairos ya dawo. Me ke kwantar da shi, me kuma ke tayar da shi? Amsar da tarihin binciken nan ya bayar ita ce, akalar ba a hannun bairos take ba. A hannun furotin ɗin jikin mutum take, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa danne cutar ya yiwu amma warkar da ita ya ci tura.

Tushen maganar yana cikin irin guzurin da bairos ɗin ke shigowa da shi. Tun 1970 Howard Temin da David Baltimore, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka gano akwai wani dangin bairos da ke juya bayanan gadonsa daga RNA zuwa DNA. HIV, wanda Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka ware a Cibiyar Pasteur ta Faransa a 1983, ɗan wannan dangi ne. Yakan zo da kayan aiki uku na kansa: na juya RNA zuwa DNA, na dasa wannan DNA a cikin namu, da na yanka furotin ɗinsa gunduwa-gunduwa. Abin da bai zo da shi ba shi ne abin da zai karanta DNA ɗin bayan an dasa, ya fitar da sabon RNA da za a ƙera sababbin bairos da shi. Da zarar haruffansa kusan 9,700 sun shige cikin haruffa biliyan uku na gadon ɗan Adam, ya zama wani sashe na gadon ƙwayar da ya shiga, kuma babu mai kwafar sa sai injin kwafar da ƙwayar ke kwafar nata sassan da shi, wanda masana ke kira RNA folimares na biyu. A farkon bayanan bairos ɗin akwai wani yanki mai haruffa ɗari shida da 'yan kai da ake kira LTR. Nan ne injin ke sauka ya fara aiki, kuma kusan duk labarin da ke tafe labarin wannan ɗan yanki ne da masu zama a kansa.

Da farko an ɗauka makullin na bairos ne. A 1985, tawagar William Haseltine a Boston da ta Flossie Wong-Staal da Robert Gallo suka gano wani ɗan ƙaramin furotin na HIV, wanda bai wuce amino asid ɗari da ɗaya ba, aka sa masa suna Tat. In yana nan, kwafar bayanan bairos takan ninka sau ɗari ko fiye. In aka cire shi, bairos ɗin ba ya iya yaɗuwa. Wa zai ga wannan bai yi murna ba? Ga abu na abokin gaba zalla, wanda jikin mutum ba shi da irinsa, sai kawai a nemo maganin da zai toshe shi. Sai dai ba a je ko'ina ba 'yan gari suka fara bayyana. A 1986 Katherine Jones da Robert Tjian suka nuna cewa wani furotin namu mai suna Sp1 yana da mazauni uku a jere a kan LTR, kuma in aka lalata su kwafa takan durƙushe. A shekarar ce kuma Ranjan Sen da Baltimore, suna binciken da bai shafi ƙanjamau ba ko kaɗan, suka gano NF-kB a cikin ƙwayoyin da ke ƙera sinadaran kariya. A 1987 Gary Nabel da Baltimore suka ga ashe LTR na HIV yana da mazauni biyu na wannan furotin. Yadda NF-kB ke aiki abin lura ne. A ƙwayar da ke hutawa, a ɗaure yake a wajen cibiyar ƙwaya, wani furotin mai suna IkB ya riƙe shi. Idan ƙwayar ta ji alamar wata cuta ta shigo jiki, sai a farfasa mai riƙon, NF-kB ya faɗa cikin cibiya cikin 'yan mintoci, ya kunna sassan gadon da ake yaƙi da su. A cikin abin da yake kunnawa har da bairos ɗin da ke kwance. Ke nan kiran da jiki ke yi wa mayaƙansa shi ne kiran da ke tayar da HIV. A 1989 aka nuna cewa TNF, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin zazzaɓi da kumburi, ta wannan hanyar yake zuga bairos ɗin. Wannan ya haska abin da likitoci suka riƙa gani daga baya, cewa tarin fuka na ƙara yawan bairos a jini. Wani bincike a Malawi da aka buga a 2005 ma ya nuna yawansa na hawa idan zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, ya kuma sauko bayan an yi maganin zazzaɓin.

Shi kansa Tat, da aka matsa masa bincike, sai ya zo da abin mamaki. Kowa ya zaci aikinsa shi ne jawo injin kwafa ya sauka a kan LTR, domin a lokacin abin da aka sani game da masu kunna sassan gado ke nan. A 1987 tawagar Matija Peterlin a San Faransisko ta auna abin da ke fitowa a ƙwayar da babu Tat, ta tarar injin yana sauka, yana fara kwafa, sai ya yi haruffa kamar sittin ya cije. Gajerun guntaye ne birjik, dogon kwafi kuwa babu. Da aka sa Tat, ba yawan farawa ne ya sauya ba, kaiwa ƙarshe ce ta samu. Bayan shekara biyu Ben Berkhout da Kuan-Teh Jeang a Amurka, da wasu masana a Kambrij ta Ingila, suka tabbatar da cewa Tat ba DNA yake kamawa ba. Waɗannan haruffa 59 na farko da injin ya fitar su ne ke naɗewa su yi wani ɗan lanƙwasasshen reshe mai suna TAR, shi Tat ke kamawa. A lokacin masana da yawa sun ɗauki wannan a matsayin wata baƙuwar dabara ta bairos, duk da cewa John Lis na jami'ar Cornell ya riga ya ga irin wannan cijewa a wani sashen gadon ƙudan 'ya'yan itace.

To da me Tat ke sakin injin, alhali shi ba ya iya sarrafa komai da kansa? Nan ne ɓera ya shigo labarin, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata, domin babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi. An lura cewa in aka sa LTR da Tat a cikin ƙwayar ɓera, Tat ba ya tsinana abin kirki. Sai masu bincike suka haɗe ƙwayar mutum da ta dangin ɓera ta zama ɗaya. Irin wannan gaurayayyiyar ƙwaya, yayin da take rarrabuwa, takan riƙa zubar da kuromosom ɗin mutum ɗaya bayan ɗaya, kowane zuri'a da wanda ya rage mata. Aka bi zuri'o'in ana gwada Tat a kowanne. Daga 1989 amsa ta fito: inda kuromosom na 12 na mutum ya saura, Tat na aiki, inda ya faɗi, shiru. An san akwai wani ɗan gari a wannan unguwa, amma an yi kusan shekara tara ba a san ko wane ne ba. Ana cikin haka, David Price na jami'ar Ayowa, wanda shi ma ƙuda yake bincike ba HIV ba, ya tace wani furotin a 1995 wanda sai da shi injin kwafa ke wuce wurin cijewa, ya kira shi P-TEFb. A Tekzas kuma Christine Herrmann da Andrew Rice sun ga Tat na yawo manne da wani furotin na mutum mai liƙa fosfet. A 1997 aka gane abu ɗaya ne ɓangarorin biyu ke riƙe da shi, wato CDK9. A 1998 ɗakin gwajin Katherine Jones a Cibiyar Salk ya gano abokin tafiyar CDK9, saikilin T1, kuma sashen gadon da ke ƙera shi a kan kuromosom na 12 yake. Ɓera ma yana da nasa saikilin T1, kusan iri ɗaya da namu. Bambancin da ya hana ruwa gudu yana a amino asid na 261 cikin ɗari bakwai da 'yan kai: a mutum sistin ne, a ɓera tairosin. Da aka sauya wa na ɓera wannan amino asid ɗaya tak, Tat ya kama aiki. Furotin ɗin da aka ɗauka shi ne sarkin bairos, ashe ƙarfinsa duka ya rataya a kan ɗigo ɗaya na wani furotin namu.

Daga nan sauran hoton ya cika da sauri. A 1998 da 1999 ɗakin gwajin Hiroshi Handa a Japan ya gano DSIF da NELF, furotin biyu na mutum da ke taka wa injin birki. Aikin Tat shi ne ya riƙo saikilin T1 ya liƙa shi a kan TAR, ta yadda CDK9 zai zo daf da injin da ya cije, ya liƙa fosfet a kan masu birkin da kuma kan dogon wutsiyar injin mai maimaici 52. NELF ya saki, injin ya zarce har ƙarshe. Cikin abin da aka kwafo har da bayanan ƙera wani sabon Tat, wanda zai dawo ya ƙara zuga aikin, haka abin ke ta hauhawa. A 2001 tawagar Olivier Bensaude a Faransa da ta Qiang Zhou a Kalifoniya suka gano cewa ƙwaya na kulle wani babban kaso na P-TEFb a jikin wani RNA mai suna 7SK, kuma daga baya aka ga Tat ya iya ɓalle shi daga can. Sai a 2007, da aka samu na'urorin duba gadon halitta gaba ɗayansa, aka tarar cijewar nan ba baƙuwar dabara ba ce: dubban sassan gado na ƙuda da na mutum haka suke, injin na tsaye a bakin ƙofa yana jiran P-TEFb. HIV bai ƙirƙiro komai ba, ya tarar da tsarin ne ya shiga layi, ya kuma nemi hanyar tsallake na gabansa.

Akwai kuma wani shingen kafin wannan. DNA na kowace ƙwaya ya kai tsawon mita biyu, a nannaɗe yake a jikin wasu dunƙulen furotin da ake kira histon. A 1993 Eric Verdin da Carine Van Lint suka nuna cewa, ko'ina bairos ya dasu, akwai wani dunƙule da ke zama daidai bayan wurin fara kwafa, kuma sai ya gusa ake samun aiki. A 1996 suka nuna cewa magungunan da ke hana wasu furotin namu masu suna HDAC ɗaure histon tamau suna gusar da dunƙulen, bairos ya farka. In aka tara waɗannan duka, sirrin maɓoyar 1997 ya fito fili. A ƙwayar CD4 da ta gama yaƙi ta koma hutu, NF-kB na ɗaure a waje, saikilin T1 ya yi ƙaranci ƙwarai, HDAC sun danne LTR, Tat kuwa babu shi tunda ba a kwafo shi ba. Irin waɗannan ƙwayoyi su ne ke riƙe wa jiki tunin cututtukan da ya taɓa gamuwa da su, don haka aka yi su da tsawon rai, suna kuma rarrabuwa jefi-jefi tare da abin da ke cikinsu.

Akwai masu ja da wannan fahimta, kuma ba da baki kawai suke ja ba. A 2005 Leor Weinberger da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwayoyi 'yan asali ɗaya, bairos ya dasu a wuri ɗaya a cikinsu, yanayinsu ɗaya, amma wasu suka kunnu wasu suka yi shiru. Suka danganta wannan ga hawa da saukar ɗan adadin Tat da ake farawa da shi, abin da ya fi kama da ƙuri'a. A 2015 suka ƙara da cewa in aka ƙara Tat da gangan, bairos na iya tashi ba tare da an tayar da ƙwayar ba, har suka ce kwanciyar nan dabara ce da bairos ya gada don amfanin kansa. Ba za a yi watsi da wannan ba. Shi ne ma ya fi bayyana abin da Ya-Chi Ho da Siliciano suka gani a 2013, cewa ko an zuga ƙwayoyin mara lafiya iyakar zugawa, wasu bairos masu cikakkiyar lafiya ba sa tashi a karon farko, har suka kiyasta ajiyar na iya ninka abin da ake zato sau sittin. Amma a duba da kyau. Tat na farko daga ina zai fito in Sp1 da NF-kB ba su sa injin ya fara ba? In ya fito, wa zai kama in babu saikilin T1? Ita kanta ƙuri'ar, wurin da bairos ya dasu da yadda histon suka naɗe shi ne ke ƙayyade sau nawa ake jefa ta. Abin da Weinberger ya tabbatar shi ne Tat na mai da ƙaramin motsi babba. Bai nuna motsin na farko daga bairos yake fitowa ba. Awon da Steven Yukl ya yi a 2018 a kan ƙwayoyin masu shan magani ya ƙarfafa wannan: gajerun guntayen TAR sun fi dogon kwafi yawa nesa ba kusa ba, wato cijewar da Peterlin ya gani a kwalba ita ce dai ke faruwa a jikin mutane.

Ja na biyu ya fi zafi. Shekara arba'in ana wannan bincike, ina maganin? Gaskiya ne, duk magungunan da ake sha yau wasu matakan suke tarewa: shigar bairos, juya RNA, dasawa, yanka furotin, ko ɓawon da ke rufe shi. Babu ko ɗaya da aka amince da shi wanda ke taɓa kwafa. Maganin Tat da kamfanin Roche ya kai gwaji a jikin mutane a farkon shekarun 1990 bai yi tasiri ba. Dabarar tayar da bairos don a kashe shi ma ba ta kai gaci ba. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada zuga ƙwayoyin garkuwa gaba ɗaya a Amsterdam, marasa lafiya suka jigata ƙwarai, ajiyar kuwa tana nan. A 2012 David Margolis ya ba mutum takwas vorinostat, maganin sankara mai toshe HDAC, RNA na bairos ya ninka kusan sau biyar a ƙwayoyinsu masu hutawa; aka bi da makamantansa a Denmak, aka ga motsi, amma ajiyar ba ta ragu yadda za a ce an yi wani abu ba. Sai dai wannan gazawa ba ta rushe hujjar ba, ita ce ma shaidarta. Tun 2000 Price ya nuna cewa toshe CDK9 na tsayar da HIV cak a kwalba. Matsalar ita ce CDK9 namu ne, dubban sassan gadonmu na jiran sa, shi ya sa masu toshe shi suka fi karɓuwa a binciken sankara, inda kashe ƙwayar ake nema. Haka NF-kB: a danne shi garkuwa ta faɗi, a sake shi jiki ya ɗauki wuta. Da makullin na bairos ne shi kaɗai, da tuni an yi masa abin da aka yi wa sauran kayan aikinsa uku.

Shi ya sa wasu suka juya akalar: maimakon a tayar da shi, a ƙara masa barci. Susana Valente a Fulorida ta nuna cewa wani sinadari da aka kwaikwayo daga wata halittar teku yana riƙe Tat, kuma a ɓerayen da aka dasa wa garkuwar mutum ya jinkirta dawowar bairos bayan an tsayar da magani. Abin da ya fi ba wannan hanya ƙarfi ya fito ne a 2020, lokacin da tawagar Xu Yu a Boston ta duba mutum 64 daga cikin 'yan tsirarun nan, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, da ke danne HIV ba tare da magani ba. A jikinsu, lafiyayyun bairos da suka saura sun fi taruwa a sassan kuromosom da aka ɗaure tamau, inda injin kwafa ba ya zuwa. Alamu sun nuna garkuwarsu ta share waɗanda ke motsi, ta bar waɗanda jikin ya riga ya rufe wa baki.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin wannan ilimi a kan nau'in B aka gina shi, na Amurka da Turai, wanda bai fi kashi ɗaya cikin takwas na masu cutar a duniya ba. LTR kuwa ba ɗaya ba ne ko'ina. Nau'in C na kudancin Afirka da Indiya, wanda ya kusa rabin masu cutar, galibi mazaunin NF-kB uku gare shi. HIV-2 na Afirka ta Yamma ɗaya ne da shi. A Najeriya, inda babban binciken ƙasa na 2018 ya kiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar, nau'in G da gaurayen da ake kira CRF02_AG ne suka fi yawa, kuma binciken da aka yi a kan kwanciyarsu bai kama ƙafar na nau'in B ba. Duk wata dabarar tayarwa ko kwantarwa da za ta fito, tilas a gwada ta a kan waɗannan kafin a ce ta yi.

Kafin nan, akwai labarin wata jaririya a jihar Misisifi ta Amurka da ya kamata kowane mai shan magani ya sani. An fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya, aka daina tana da wata 18, ta yi wata 27 ba magani kuma ba a ganin komai a jininta, har duniya ta fara cewa ta warke. A 2014 bairos ya dawo. Idan awo ya ce ba a ga bairos a jini ba, abin da ya auna shi ne wanda ke yawo, ba wanda ke kwance a cikin DNA ba. Duk wanda ya samu irin wannan sakamako ya gode wa Allah, ya kuma ci gaba da shan maganinsa, ko wa ya ce masa ya warke.